Ranar da na mayar da Muhammadun makarantarmu Ahmadu

A ƙarshen shekarar 2022 makarantarmu ta cika ta batse. Rikicin da ya ɓarke a jihar Nilul Azraƙ cikin watan Yuli, ya kuma sake tashi a Wad al-Mahi a watan Oktoba, ya koro iyalan Hausawa da dama daga wajajen Rusairis da Damazin zuwa ƙauyukanmu na kudu da Sinnar. Yara suka yi ta zuwa. Wani da takardar haihuwa, wani da katin tsohuwar makarantarsa, wani kuwa daga shi sai rigar da ke wuyansa. Muka karɓe su duka, don babu malamin da zai kalli yaro a irin wannan hali ya ce masa ya koma.

Da lokacin rajistar jarrabawar 'yan aji shida ya matso, mudir ya kira ni ofis ya tura mini rajistoci uku na hannu da tarin takardu.

"Ustaz, kai ne mai kwamfuta. Ka haɗa mana kashfi guda ɗaya, mai tsabta, kafin Alhamis."

Kashfi shi ne jerin sunaye. Gaskiya ne kuma, ni kaɗai nake da kwamfutar tafi-da-gidanka a cikin malamai, tsohuwa ce da na saya tun ina kwalejin horon malamai, batirinta ba ya kai awa ɗaya. Abin da na iya da ita bai wuce buga jarrabawa da tara maki a Excel ba. Amma a garin da ba kowa ke da ita ba, wannan ma ya isa a kira mutum gwani.

Mai karatu da ke Kano ko Maraɗi, bari in yi maka bayanin yadda suna yake a nan Sudan. A takardar hukuma sunan mutum huɗu ne: nasa, na mahaifinsa, na kakansa, da na mahaifin kakan. Da baƙaƙen Larabci ake rubutawa. Dole ne sunan da ke kan shahadar makaranta ya zo daidai da wanda ke kan takardar haihuwa da raƙam waɗani, wato lambar ɗan ƙasa. In baƙi ɗaya ya saɓa, ka shiga zirga-zirga. Mu Hausawa kuwa mun fi kowa sanin zafin wannan. Kakanninmu sun zo ne a kan hanyar Makka, wasu tare da Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903, wasu kuma daga baya, lokacin da aka gama madatsar Sinnar a 1925 gonakin audugar Jazira suka buƙaci hannu. Shekara ɗari ke nan da ɗoriya, amma har yau akwai teburin da in ka je, tambayoyin da za a yi maka sun fi na wanda ke gabanka a layi. Don haka ba ma wasa da rubutun suna.

Na kwana biyu ina shigar da sunaye. Wasu ma ba ni na buga ba, abokan aiki ne suka turo mini ta WhatsApp daga wayoyinsu, na kwafa na liƙa. Da na gama na jera su bisa baƙaƙe, sai na ga ɓarna. Ahmad ya kasu biyu: wani an rubuta shi أحمد da hamza a kan alif, wani kuma احمد babu hamza. A idonmu suna ɗaya ne. A wurin na'ura kuwa alif mai hamza da alif tsura baƙaƙe biyu ne dabam, kowanne da lambarsa, kamar yadda ba da ta suke dabam. Haka Musa da Isa, wani ya ƙare su da ya mai ɗigo biyu, wani babu ɗigo. Haka Abdullahi, wani ya bar fili tsakanin Abdu da sunan Allah, wani ya haɗe.

To dama akwai wata dabara da na taɓa gani a wurin wani abokina mai shagon buga takardu. A akwatin nema na Excel akwai alamomi biyu da ba sa nufin kansu. Alamar tambaya (?) tana tsayawa a gurbin baƙi ɗaya tak, ko wane ne. Tauraro (*) kuma yana tsayawa a gurbin baƙaƙe ko nawa ne, har da babu ko ɗaya. A Larabcin kwamfuta ana ce musu ahruful badal. Sunansu na Turanci daga wasan karta aka aro shi, katin nan da yake zama duk abin da mai shi ya ce ya zama. Wanda ya taɓa kallon masu kunkan a gindin bishiya ya san jokar, 'yan'uwanmu na Najeriya kuma sun san kati mai lamba 20 a wasan Whot. Ni dai tun daga ranar jokar nake kiransu, kuma haka ɗalibaina suka tashi suna faɗa.

Na ce a raina, ai abin ya zo da sauƙi. Na danna Ctrl da H, akwatin nema da sauyawa ya buɗe. A layin sama na sa alamar tambaya, na bi ta da حمد, wato ha, mim, dal. A layin ƙasa na rubuta أحمد da hamzarsa. Nufina shi ne: duk inda ka ga wani baƙi ɗaya sannan ha, mim, dal, ka gyara shi ya koma Ahmad na ƙa'ida. Na danna maɓallin sauya duka. Na'ura ta ce ta sauya wurare ɗari da wani abu. Har na ji daɗi, na ce kai, ashe ɓarnar ta kai haka! Na adana, na rufe, wuta ta ɗauke, na kwanta.

Washegari muka buga kashfin muka manna a jikin bangon ofis don yara su duba sunayensu kafin a kai. Wannan al'adar mudir ce, kuma Allah Ya saka masa da alheri a kanta. Ba a yi minti goma ba wata yarinya cikin waɗanda suka zo daga Rusairis ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen mayafinta.

"Ustaz, sunan babana ba Ahmad ba ne."

Na ce mata ta sake dubawa, wataƙila layin wata take karantawa. Ta ce a'a, sunanta ne, na kakanta ma daidai ne, amma babanta Muhammad ne. Kafin ta rufe baki wani yaro ya taso, shi nasa sunan ne aka canza. Sai wani. Sai wata. Na fita na tsaya gaban takardar ina bi da yatsa tun daga sama har ƙasa. Wallahi babu Muhammad ko ɗaya a makarantar. A ƙauyen Hausawa!

Ka rubuta محمد ka ƙirga baƙaƙensa: mim, ha, mim, dal. Cire mim na farko, me ya rage? Ha, mim, dal. Da Muhammad da Ahmad, a rubutun Larabci, baƙin farko ne kawai ya raba su. Shekara nawa ina karantar da yara wannan, har ina gaya musu sunayen biyu tushensu ɗaya ne, amma a daren nan ko kaɗan bai zo mini a rai ba. Na ce wa na'ura "ko wane baƙi", ita kuwa ta ɗauki maganata yadda na faɗe ta. Mim ma ai baƙi ne. Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Filin da ke tsakanin kalmomi shi ma a wurinta baƙi ne, don haka duk wanda ke da Hamad ko Hamdan a tsakiyar sunansa, jokar ta cinye filin ta liƙa masa alif, sunan ya manne da na gabansa ya zama wani abin da ba a taɓa raɗa wa kowa ba.

Mudir bai yi faɗa ba. Ya dai cire tabarau ya dube ni ya ce, "Ustaz, mayar da su yadda suke."

A nan ne na gane girman abin da na yi. Ctrl da Z yana mayar da aiki baya ne muddin ba ka rufe fayil ba, ni kuwa na rufe tun jiya. Wani malami ya ce to a juya mana, a ce duk Ahmad ya koma Muhammad. Ina! Ai sai Ahmadun gaskiya su ma su tafi. Kafin in taɓa, akwai bambanci a cikin takardar, ko da rubutun bai yi kyau ba. Bayan na taɓa, bambancin ya goge, kuma babu wata dabara a cikin kwamfuta da za ta gaya maka wane Ahmad ne na asali, wane ne tsohon Muhammad. Kamar ka juye gero da maiwa a buhu ɗaya ne ka girgiza.

Dare uku muka yi, ni da wani abokin aikina, da fitilar waya, shi yana karanta rajistar hannu ni ina gyarawa. Abin da ya rage mana wahala shi ne saƙonnin WhatsApp ɗin nan da aka turo mini tun farko, suna nan ban goge ba. Yaran da ba su da takarda kuwa sai da muka aika aka kira iyayensu. Wata tsohuwa ta zo da jikanta, na tambaye ta sunan mahaifin mijinta, ta ce, "Ɗan nan, mu dai Garba muke ce masa." A takardar ɗanta kuwa Abbakar aka rubuta, yadda mutanen Sudan ke faɗin Abubakar. Duka gaskiya ne, mutum ɗaya ne. Wannan kam babu tauraron da zai haɗa maka su, sai wanda ya san cewa Garba da Habu da Buba duk Abubakar ne.

Daga baya na samu labarin cewa waɗanda suka fi ni ilimi nesa ba kusa ba sun taɓa faɗawa wannan rami. A 1998, a kamfanin Pixar na Amurka, ana tsakiyar aikin fim ɗin Toy Story 2, wani ya ba da umarnin gogewa haɗe da tauraro a inda bai kamata ba. Tauraro shi kaɗai ma'anarsa "komai". Kusan kashi 90 cikin ɗari na fim ɗin ya tafi, ajiyar da suka dogara da ita kuma aka tarar ba ta da kyau. Abin da ya cece su shi ne wata ma'aikaciyarsu, Galyn Susman, da ta haihu take aiki daga gida, akwai kwafi a kwamfutarta. Da na karanta sai na ji ɗan sanyi, na ce ashe WhatsApp ɗina ma yana da 'yan'uwa.

Wannan abin kunya ne ya sa na zauna na koyi yadda alamomin suke aiki, maimakon in riƙa harbi a duhu. Ashe sun girme ni da nisa. Tun farkon shekarun 1970, a tsarin Unix da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka gina a Bell Labs, akwai wani ɗan shiri mai suna glob wanda aikinsa ke nan: ka ba shi suna mai tauraro, ya nemo maka duk fayilolin da suka dace. Har yau masu rubuta manhaja da wannan suna suke kiran irin wannan nema. Irin wannan dabara ta bi ta MS-DOS ta iso Windows, shi ya sa in ka rubuta *.pdf a wurin neman fayil za ta kawo maka duk takardun PDF. A rumbunan bayanai masu amfani da harshen SQL, irin waɗanda bankuna da manyan ofisoshi ke ajiye sunayen mutane a ciki, dabarar ɗaya ce amma alamomin sun canza: % ne a madadin tauraro, _ kuma a madadin alamar tambaya.

Yadda na'ura ke gwadawa kuwa babu wani sihiri a ciki, haƙuri ne kawai irin na mai tsintar tsakuwa a shinkafa. A ce ka ba ta M*d, tana duba sunan Mahmud. M ta dace da M. Ta iso tauraro, sai ta fara da ba shi babu komai, ta duba ko baƙi na gaba d ne. A'a, a ne. Sai ta koma ta ba tauraro a, ta sake dubawa. H ne. Ta ƙara masa. Haka za ta yi ta ciyar da shi baƙi ɗaya-ɗaya har ta iso d, ta ga suna ya ƙare, abin nema ma ya ƙare, ta ce ya dace. Ba ta san Mahmud ba, ba ta san Muhammad ba, ba ta san Murad ba, kuma duka ukun za ta kawo maka. Tauraro ba ya tsayawa a ƙarshen kalma. Na gwada neman Abdullahi da عبد, tauraro, sannan الله, don in kamo mai fili da marar fili. Na kamo su, amma tare da wani Abdurrahim wanda kakansa Daf'allah ne, da wani Abdulƙadir jikan Fadlallah. Tauraron ya haɗiye duk abin da ke tsakani, sunaye biyu cur, bai ko shaƙe ba.

Akwai alama ta uku da ta fi waɗannan biyun hankali, ita ce baka mai kusurwa. In ka sa baƙaƙe a cikin [ ], kana cewa ne "ɗaya daga cikin waɗannan kawai". Da na sa alif mai hamza da alif tsura a ciki, na bi su da ha, mim, dal, da Muhammad ko ɗaya bai taɓu ba. Sai dai akwatin nema na Excel bai san wannan alama ba. Word ya san ta in ka kunna masa zaɓin ahruful badal, Access ma haka, da Unix da 'ya'yansa. Abin dariyar shi ne ban ma buƙaci jokar ba a daren nan. Da na rubuta احمد ƙarara na ce a mayar da shi أحمد, da shi ke nan. Son nuna gwaninta ne ya kai ni.

Wasu ƙananan abubuwa kuma sai da suka ba ni wuya kafin na gane su. Alamar tambayar Larabci, mai kallon dama, ba ta aiki a matsayin jokar. Sai ka juya allon rubutu zuwa boko ka buga ta can. In kana neman tauraro na gaske ko alamar tambaya ta gaske a cikin rubutu, sai ka sa ~ a gabanta. In kana ƙirga da COUNTIF, shi yana gwada abin da ke cikin akwati gaba ɗayansa ne, don haka mai neman suna a tsakiyar sunaye huɗu sai ya sa tauraro gaba da baya. Wasali ko shadda da wani ya ɗora a kan baƙi, da jan layin nan da ake tsawaita kalma da shi don ado, kowannensu na'ura tana ƙirga shi a matsayin baƙi, sai ka ga alamar tambaya ɗaya ta kasa kamo sunan da kake kallo da idonka. Sannan wanda ya ci gaba ya shiga abin da masu manhaja ke kira regex ya yi hattara: a can tauraro yana nufin maimaita baƙin da ke gabansa ne, al'adar da ta samo asali daga aikin masanin lissafi Stephen Kleene a shekarun 1950. Alama ɗaya, gida biyu, ma'ana biyu.

Duk da abin da ya faru ban daina amfani da su ba, kuma ban ga dalilin da zai sa wani ya daina ba. Bayan yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, musamman da Wad Madani ta faɗi a watan Disamba na wannan shekara, makarantu suka zama masaukin 'yan gudun hijira, malamai kuma muka koma marubutan kashfi. Kashfin masu karɓar abinci, kashfin marasa lafiya, kashfin waɗanda ake nema. Wasu da Larabci, wasu da boko saboda ƙungiyoyin agaji. A bokon ne ma abin ya fi rikicewa. Mohamed, Mohammed, Muhammad, Muhammadu, Mahamat irin rubutun Chadi, Mahamadou irin na Nijar: M?ham* yana tattaro su duka a gabanka. Ɗanladi kuwa wani zai sa ɗ mai lanƙwasa, wani d tsura, wani d da waƙafi a sama. Alamar tambaya ba za ta kamo na ukun ba don baƙaƙe biyu ne a wurin, sai *anladi. Sunayenmu masu g ma a Larabci ba su da gida ɗaya: mafi yawa a nan da ƙaf ake rubuta su, tunda haka mutanen Sudan ke furta ƙaf, amma za ka tarar da wanda ya sa gain ko kaf ko jim. Gambo ɗaya, rubutu huɗu.

Wata rana wata mata ta zo tana kuka, an ce babu sunanta a kashfin rabo, alhali ta ce an rubuta ta tun makon jiya. Mai duba ya nemi فاطمة bai ga mai irin sunan mahaifinta ba. Na karɓi kwamfutar na rubuta فاط na bi shi da alamar tambaya biyu. Sai ga su sun fito: Faɗima mai ta-kuri, Faɗima mai ha-kuri, da kuma فاطنة, Faɗna, yadda ake kiran sunan a bakin mutanen nan. Wanda ya rubuta ta ya rubuta abin da kunnensa ya ji ne. Tana cikin Faɗna, ita da 'ya'yanta biyar. Ban gyara komai ba sai da na karanta mata sunan mahaifi da na kaka ta ce nata ne, na tambayi sunan babban ɗanta ya zo daidai. Sannan na gyara wannan layin shi kaɗai, da hannu.

Yadda nake yi ke nan yanzu, kuma shi nake nuna wa duk malamin da ya zo koyo. Kafin in taɓa kashfi sai na yi masa kwafi na sa kwanan wata a sunansa, na tura wa wani ta waya. In zan yi nema da jokar, maɓallin nemo duka nake dannawa, in karanta abin da ya fito layi-layi. Maɓallin sauya duka kuwa, in dai akwai tauraro ko alamar tambaya a layin sama, ba na kusantarsa. Na kuma ƙara wani shafi a gefe da na kira "sunan gida", inda nake rubuta Garba kusa da Abbakar, Mamman kusa da Muhammad, Kulu kusa da Hawwa, domin wanda zai zo nema bayana.

Yarinyar nan ta Rusairis ta rubuta jarrabawarta da sunan mahaifinta na gaskiya. Da aka sake buɗe makarantu na gan ta a ajin gaba, ta yi tsawo har na kusa kasa gane ta. Cikin yaran kuwa an laƙa mini suna, na sha jin su suna raɗa in na wuce, Ustaz Ahmad. Ni kuma sunana na yanka Muhammad ne, kuma a kashfin da aka manna ranar nan, a ƙasa inda aka rubuta sunan wanda ya shirya, nawa ma bai tsira ba.